Farfaɗo da tsofaffin motocin tsere: sana'ar, kasuwarta da taƙaddamar da ke cikinta

A ƙasashen Turai da Amurka, dubban mutane ne ke kashe dukiya da shekaru wajen farfaɗo da tsofaffin motocin tsere da aka ƙera shekaru 50 ko 60 da suka wuce. Wasu daga cikin motocin an tsamo su ne daga rumbunan gona da tsofaffin gareji, bayan tsatsa ta ci rabin jikinsu.

Abin da ya faro a matsayin sha'awar ɗaiɗaikun mutane ya zama babbar harka. Wani bincike da tarayyar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci ta Burtaniya, wato FBHVC, ta fitar a shekarar 2020, ya nuna cewa akwai tsofaffin ababen hawa kimanin miliyan 1 da rabi masu rajista a ƙasar. Binciken ya ce harkar na juya kuɗi fam biliyan 7 da miliyan 200 a shekara, kuma mutane sama da 34,000 ne ke cin abinci a cikinta.

Sai dai akwai tambayar da babu mai shiga wannan harka da ke iya tsallake ta. Idan aka sauya wa mota bodi, aka sauya inji, aka sauya kujeru, shin ita ce dai motar da, ko kuwa sabuwa ce aka liƙa wa tsohuwar lamba? Amsar wannan tambaya ce ke yanke darajar mota a wurin gwanjo, kuma ta taɓa kai mutane har gaban alƙali.

Wace ce motar tarihi?

Idan aka ce motar tsere a nan, ba wadda ake fafatawa da ita a filin gasa kaɗai ake nufi ba. Har da ƙananan motoci masu kujeru biyu da aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi a kan titi, waɗanda da yawansu rufinsu na tamfol ne da ake naɗewa. Kamfanoni irin su Jaguar, MG, Triumph da Austin-Healey a Ingila, da Porsche da Mercedes-Benz a Jamus, da Ferrari da Alfa Romeo a Italiya, su ne suka yi fice wajen ƙera su a shekarun 1950 da 1960.

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kira mota ta tarihi. Dole ne ta kai aƙalla shekara 30, a kuma riƙe ta a kan siffarta ta asali, sannan kada ta kasance motar zirga-zirgar yau da kullum. Sharaɗin ƙarshe shi ne ya bambanta su da tsofaffin motocin Amurka da ake haya da su a Havana, babban birnin Kuba, inda ake sa wa mota duk injin da ya samu don dai ta ci gaba da neman abinci.

A Burtaniya kuwa, motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya. Tun daga watan Mayun 2018 ma an ɗauke mata wajibcin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata wani gagarumin sauyi ba a cikin shekaru 30 da suka gabata.

Misalin Jaguar E-Type

Babu motar da ta fi fito da yanayin wannan sana'a kamar Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na birnin Geneva a watan Maris na 1961.

Wanda ya tsara siffarta shi ne Malcolm Sayer, injiniyan da ya taɓa aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol, wanda kuma ya yi amfani da lissafin yadda iska ke ratsa jiki wajen fitar da doguwar gabanta. An ƙera ta ne a masana'antar Browns Lane da ke Coventry, a ƙarƙashin jagorancin Sir William Lyons, mutumin da ya kafa kamfanin.

Injinta mai silinda 6 ne, girman lita 3.8, kuma kamfanin ya ce tana gudun mil 150 a sa'a guda, wato kimanin kilomita 240. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne farashinta, domin kuwa fam 2,100 ne ko kusa da haka, kusan rabin kuɗin Aston Martin DB4 a lokacin. Cinkoson masu son a zaga da su a cikinta a Geneva ya sa aka umarci direban gwaji na kamfanin, Norman Dewis, da ya tuƙo mota ta biyu cikin dare tun daga Coventry.

Daga 1961 zuwa 1974 an ƙera sama da 72,000, kuma kaso mafi yawa ƙasashen waje aka kai, musamman Amurka. A 1964 aka ƙara girman injin zuwa lita 4.2. Zuwa ƙarshen shekarun 1960, dokokin Amurka kan hayaƙi da kiyaye haɗari suka tilasta cire murfin gilashin fitilun gaba, aka kuma rage kafireta daga uku zuwa biyu a motocin da ake kaiwa can, abin da ya rage musu ƙarfi. A 1971 aka fito da samfurin ƙarshe mai silinda 12.

Waɗannan bambance-bambance suna da muhimmanci ga mai gyara. Samfurin farko ya fi sauran daraja, kuma a cikinsa ma, 'yan ɗaruruwan da aka fara ƙerawa masu makullin bonet a waje su ne aka fi nema. A 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya shigar da E-Type ɗaya cikin kayan da yake adanawa.

Yadda tsatsa ta cinye su

Ba a ƙera waɗannan motoci da niyyar su yi shekara 60 ba. A wancan zamani masana'antun Turai ba sa yi wa ƙarfe wani rigakafin tsatsa na a zo a gani, ga shi kuma a lokacin hunturu ana watsa gishiri a titunan Burtaniya domin narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin kan shige cikin lungunan bodi ya kwanta, ya riƙa cin ƙarfe daga ciki ba tare da an gani ba.

Lamarin ya fi muni ga E-Type saboda yadda aka gina ta. Ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyin motar daga gilashin gaba zuwa baya, sai kuma wani ƙashi na siraran bututun ƙarfe da aka ɗaure a gaba, wanda ke riƙe da inji da ƙafafun gaba. Saboda haka idan tsatsa ta ci daɓen motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, to ƙarfin motar gaba ɗaya ne ya tafi.

Bayan tashin farashin mai na 1973, manyan motoci masu shan mai sun yi kwantai. An yi ta sayar da E-Type da arha ga mutanen da ba su da halin kula da ita, aka yi ta yi mata gyaran wucin gadi, wasu kuma aka kai su bola.

Da darajarsu ta dawo a shekarun 1980, sai dillalai suka bazama jihohin Amurka masu ƙarancin ruwan sama irin su Kaliforniya da Arizona, suna sayo waɗanda tsatsa ba ta taɓa ba suna mayarwa Turai. Da yawa daga cikinsu an mayar musu da sitiyari daga hagu zuwa dama domin titunan Burtaniya.

Matakan aikin

Cikakken gyara yana farawa ne da biro da kyamara kafin a ɗauki sifana. Ana ɗaukar hoton kowane sashe, a rubuta lambobin da ke jikinsa, sannan a warware motar har zuwa noti na ƙarshe, kowane a sa shi a cikin jaka mai suna. Masu sana'ar sun sha cewa motar da aka fi shan wuya da ita ita ce wadda wani ya warware shekaru da suka wuce, ya gaji ya sayar da ita a cikin kwalaye.

Daga nan sai a kankare fenti gaba ɗaya, ko ta hanyar fesa wa bodin ɓarɓashi mai kaushi da ƙarfin iska, ko ta tsoma shi a cikin tankin sinadari. A wannan mataki ne asiri ke tonuwa: ramukan da aka toshe da ƙullun cike gurbi, facin da aka yi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, da alamun tsohon haɗari. A nan ne kuma lissafin kuɗin da aka yi tun farko kan rushe.

Sai a ɗaure bodin a kan wani teburin ƙarfe mai ma'auni, don kada ya karkace sa'ad da ake yanke ruɓaɓɓen sashe ana walda sabo. Inda babu sashen da za a saya, gwanin bugun ƙarfe ne ke lanƙwasa falle da hannu, da guduma da wata na'ura mai tayoyin ƙarfe biyu da ake mirgina fallen a tsakaninsu. A masana'anta da narkakkiyar dalma ake cike mahaɗar ƙarafa, kuma masu son bin asali har yanzu haka suke yi.

E-Type na da nata wahalhalun. Bonet ɗinta shi ne kusan sulusin tsawon motar, kuma tun a masana'anta kowace mota da hannu aka daidaita mata nata, don haka ko sabo aka saya sai an shafe kwanaki ana gyara zamansa. Bututun ƙashin gaba kuwa ba sa jure waldar da aka saba, shi ya sa masana ke ba da shawarar a sauya wanda ya lalace maimakon a yi masa faci. Birkin baya yana can ciki kusa da tsakiyar motar, ta yadda babban gyaransa kan buƙaci a sauke ƙafafun baya gaba ɗaya. Sauya kuloci ma yawanci sai an fitar da inji.

Bayan bodi sai inji, inda ake gyara silinda, a sa sababbin fistin da ringi da boris, a wasa mazaunin bawul. Sai wayoyin lantarki, sai fenti, sai masu kushin da ke ɗinka kujerun fata da shimfiɗar ulu. Aikin kan ci dubban sa'o'i, kuma ba abin mamaki ba ne mota ta shekara biyu a gareji. Wanda ke yi da kansa a ranakun hutu yana iya kaiwa shekara goma.

Kayan gyara da ƙungiyoyi

Samun kayan gyara shi ne ke raba motar da mai matsakaicin hali zai iya farfaɗowa da wadda sai attajiri. Motar MGB, wadda aka ƙera sama da 500,000 a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ita ce aka fi farawa da ita. Dalili kuwa shi ne kamfanin British Motor Heritage ya tattaro ainihin na'urorin da aka buga bodinta da su, ya kuma koma fitar da sabon bodi sukutum tun daga 1988.

Ga motocin da ba a ƙera da yawa ba, sai an bi kasuwannin tsofaffin kaya, irin wadda ake ci kowace shekara a Beaulieu da ke kudancin Ingila tun 1967. Fasahar zamani ma ta kawo sauƙi. A 2018 kamfanin Porsche ya ba da sanarwar cewa ya fara amfani da na'urar da ke gina abu hawa-hawa bisa zanen kwamfuta wajen samar da sassan da suka ƙare, ciki har da wani ƙarfen kuloci na samfurin 959.

Ƙungiyoyin masu motoci su ne ƙashin bayan harkar. An kafa MG Car Club a 1930, Jaguar Drivers' Club kuma a 1956. Mambobi kan ara wa juna kayan aiki, su koya wa sababbin shiga, wani lokaci su haɗa kuɗi a sake ƙera wani sashe da ya ɓace daga kasuwa.

Amma babban aikinsu shi ne riƙe rajista. Sukan bi diddigin kowace mota da lambarta, su san inda take da hannayen da ta ratsa. Hukumar rajistar motoci ta Burtaniya, DVLA, tana dogara da shaidar irin waɗannan ƙungiyoyi idan wani ya nemi a mayar wa tsohuwar mota lambarta ta asali.

Lamba, takarda da kotu

Kowace E-Type ta fito daga masana'anta da lambobi huɗu: ta motar kanta, ta bodi, ta inji da ta giya. Asusun adana tarihin Jaguar da ke Gaydon yana riƙe da littattafan masana'antar, kuma yana ba da takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera mota, launinta na asali da waɗannan lambobi. Motar da har yanzu lambobinta suka dace da na littafi ta fi wadda aka sauya wa inji tsada nesa ba kusa ba. Ferrari ma ya buɗe sashen tantance tsofaffin motocinsa a 2006.

Inda kuɗi ya yi yawa, algus ba ya rasa shiga. An sha samun motoci biyu na iƙirarin lamba ɗaya, musamman motocin gasa da suka yi haɗari, inda wani ya gina mota a kan tsohon shasi, wani kuma ya gina tasa a kan tsohon inji da bodi.

Shari'ar da aka fi ambato a wannan fanni ita ce wadda babbar kotun London ta yanke a 1990, a kan wata Bentley da ake kira Old Number One. Motar ta lashe gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa a 1929 da 1930. Daga bisani an sake gina ta da wasu manyan sassa, sannan a 1932 ta yi mummunan haɗari a filin tsere na Brooklands, inda direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka kuma sake gina ta.

Wani kamfani ya amince zai saye ta a kan fam miliyan 10, amma ya janye, yana mai cewa abin da ya rage na motar da ta yi nasara a Le Mans bai taka kara ya karya ba. Mai shari'a Otton ya ba mai sayarwa gaskiya. Hujjarsa ita ce, ko da yake sassanta sun sauya, tarihin motar bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata mota da za ta iya iƙirarin wannan suna. Tun daga lokacin, ɗorewar tarihi ta zama ma'aunin da ake komawa gare shi a irin wannan jayayya.

A gyara ko a bar ta yadda take?

A shekarun 1980 da 1990, abin alfahari shi ne a mayar da mota ta fi yadda ta fito daga masana'anta kyau. An yi ta goge ƙarafan da a asali ba a goge su ba, ana shafa fentin zamani mai ƙyallin da fentin da ba shi da shi, ana zubar da tsofaffin kujeru masu lafiya. Daga baya masana suka lura cewa garin neman gira an rasa ido, domin duk abin da aka cire na asali ba ya dawowa.

Wannan ne ya sa FIVA ta amince da wata yarjejeniya a 2012, mai suna Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a farkon 2013. An tsara ta ne bisa tafarkin Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi. Ta bambanta tsakanin adanawa da gyara da sabuntawa, ta kuma buƙaci a rubuta duk sauyin da aka yi, a yi shi ta hanyar da za a iya warwarewa idan hali ya yi. A ganin yarjejeniyar, alamun tsufa da na amfani wani ɓangare ne na tarihin mota.

Kasuwa ma ta bi wannan ra'ayi. A 2014 aka gano tarin motoci kusan 60 na iyalan wani ɗan kasuwar sufuri, Roger Baillon, a yammacin Faransa, yawancinsu a ƙarƙashin rumfunan kwano. A cikinsu akwai wata Ferrari 250 GT California ta 1961, wadda ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an jibga mata tsofaffin mujallu a kai. An yi gwanjonta a Paris a watan Fabrairun 2015 da ƙurarta, a kan kuɗi sama da yuro miliyan 16.

A 2024 kuma, a karon farko a tarihin gasar nuna motoci ta Pebble Beach da ke Kaliforniya, wadda aka fara a 1950, motar da ba a sabunta ba ce ta zo ta ɗaya. Wata Bugatti ce ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, da tsohon fentinta da tabonta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Sai dai ba kowace mota ke samun wannan gata ba. Wadda tsatsa ta ci ƙashinta ba ta tuƙuwa sai an yanka an yi walda, don haka yawancin masu gyara a tsakiya suke tsayawa: a sauya abin da ya zama dole, a bar abin da zai iya zama.

Riba da asara

Farashin da ake ji a labarai yana iya ruɗar mutum. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955, ɗaya daga cikin biyu kacal masu rufi da aka ƙera, a kan yuro miliyan 135 a birnin Stuttgart. A 2018 wata Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 aka ƙera, ta kai dala miliyan 48 da dubu 400 a wani gwanjo a Kaliforniya.

Irin waɗannan 'yan ƙalilan ne. Ga mafi yawan motoci, kuɗin cikakken gyara a hannun ƙwararru ya kan zarce abin da motar za ta kawo idan an gama. Ladan aikin sa'a guda ɗaya ne ko a kan mota mai tsada ko mai arha, shi ya sa masu ba da shawara ke cewa gara a sayi wadda wani ya riga ya gyara. Arha dai ba ta ado.

Kasuwar kuma tana hawa da sauka. A ƙarshen shekarun 1980, musamman bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988, masu zuba jari sun yi ta cin bashi suna sayen tsofaffin motoci, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A farkon shekarun 1990 kasuwar ta faɗi, mutane da dama suka tafka asara, aka bar motoci a warware a gareji babu kuɗin ƙarasawa.

Shigowar manyan kamfanoni

Ganin kuɗin da ke cikin harkar ya sa kamfanonin da suka ƙera motocin tun asali suka dawo cikinta. A 2017 Jaguar Land Rover, wanda kamfanin Tata na Indiya ya saya a 2008, ya buɗe babbar cibiyar gyaran tsofaffin motoci kusa da Coventry, ya kuma fara sayar da E-Type da ya sabunta da kansa a kan farashin da ya fara daga fam 285,000.

Kamfanin ya ma wuce nan. A 1963 an shirya ƙera E-Type 18 marasa nauyi masu bodin alminiyam domin gasa, amma 12 aka yi. A 2014 sai ya sanar da cewa zai ƙera ragowar 6 da lambobin da aka ware musu tun wancan lokaci. Haka ya yi da motoci 9 samfurin XKSS, a madadin waɗanda gobarar masana'antar Browns Lane ta cinye a watan Fabrairun 1957. Masu goyon baya na ganin hakan ya raya tsohuwar fasahar hannu, masu suka kuma na cewa sabuwar mota ce kawai da tsohuwar lamba.

Akwai kuma wani rukuni da ba ya ɓoye cewa sauyi yake yi. Kamfanoni irin su Eagle a kudancin Ingila da Singer a Kaliforniya suna ɗaukar tsohuwar E-Type ko Porsche 911, su bar mata siffarta, amma su sa mata birki da giya da na'urar sanyaya ɗaki na zamani.

Ƙalubalen da ke gaba

Na farko shi ne mai. An ƙera waɗannan injuna ne domin fetur mai dalma, wanda Burtaniya ta hana sayarwa a farkon shekarar 2000, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sanar da ƙarshensa a duniya a 2021, bayan Aljeriya ta daina sayar da shi. Injuna irin na MGB sai an sa musu mazaunin bawul mai tauri, ko a riƙa zuba wani sinadari a tanki. A watan Satumbar 2021 kuma Burtaniya ta koma ga fetur mai kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke cin tsofaffin robobi da tiyon mai, yana kuma jawo danshi a tanki. Masu shirya tseren tsofaffin motoci na Goodwood sun wajabta amfani da man da akasarinsa ba daga ɗanyen mai aka samo shi ba tun daga 2024.

Na biyu shi ne lantarki. Wasu na cire tsohon inji su sa batir. Jaguar ya nuna irin wannan E-Type a 2017, kuma ita ce Yarima Harry da amaryarsa Meghan suka hau zuwa liyafar aurensu a watan Mayun 2018, ko da yake kamfanin ya jingine shirin sayar da ita a 2019. A wannan shekarar ce FIVA ta bayyana matsayinta cewa motar da aka mayar mai lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. Hukumar DVLA kuwa ta sassauta dokokinta a watan Agustan 2025, inda ta yarda irin wannan mota ta riƙe lambarta ta asali matuƙar an sanar da hukumar.

Na uku, wanda da yawa ke ganin ya fi sauran girma, shi ne hannun da zai yi aikin. Bakaniken zamani da kwamfuta yake gano matsalar mota, alhali daidaita kafireta uku da kunne, ko lanƙwasa alminiyam da guduma, sai wanda ya zauna a gaban gwani shekara da shekaru. Yawancin waɗanda suka koyi aikin a masana'antun Coventry da Abingdon sun tsufa ko sun rasu.

Domin cike wannan giɓi, an mayar da wani tsohon sansanin sojan sama da ke Bicester, kusa da Oxford, cibiyar masu gyaran tsofaffin motoci a 2013, inda a yanzu gomman ƙananan kamfanoni ke aiki, ake kuma horar da matasa 'yan koyo. Yawan matasan da za su rungumi sana'ar shi ne zai nuna ko jikokin masu waɗannan motoci za su gan su a kan titi, ko kuwa sai dai a gidajen tarihi.